Girotesk ba ya nufin "mummuna"

Tun da hotunan nan na ƙirƙirarriyar basira suka cika TikTok a 2025, ga kifin shak da takalman Nike, ga kada mai jikin jirgin saman yaƙi, kowanne da sunansa na Italiyancin ƙarya, kalmar Turanci girotesk (grotesque) ta faɗa bakin masu sharhi. Duk abin da ya ba su ƙyama girotesk ne, har kasafin kuɗi da fuskar abokin hamayya. Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya, domin daga abu mai kyan gaske kalmar ta fito.

Tushenta grotta ne, wato kogo da Italiyanci. Wajen 1480 mutanen birnin Rum suka fara shiga wasu ramuka a tudun Oppio, suna tarar da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Suka ɗauka kogwanni ne, shi ya sa aka kira zanen da ke ciki girotesk. Ashe fadar Sarki Nero ce, Gidan Zinariya da ya gina bayan gobarar Rum ta shekara ta 64 miladiyya, wanda daga baya aka cike da ƙasa, Sarki Tarajan ya ɗora gidan wanka a kai. Ƙasar ta cika ɗakunan har kusa da sama, don haka mai zanen da aka zura da igiya, riƙe da wuta, sai ya ga zanen rufi dab da hancinsa: mace mai fukafukai da ƙugunta ya rikiɗe ya zama ganye, zaki mai kan gaggafa a tsaye bisa siririn reshen da ko kanari ba zai ɗauka ba. Wasu masu zanen har suka karce sunayensu a wurin. Shahararren mai zane Rafayel da yaronsa Jobanni ɗan garin Udine suka ɗauko salon suka ƙawata barandar fadar Fafaroma a Batikan, aka gama a 1519.

Tun kafin Nero, masanin gini Biturubiyus ya kushe irin wannan ado, wai ta yaya kara zai ɗauki rufin ɗaki. Ni dai ban bi shi ba. Dabbobin ƙarya ne, amma tsarinsu ba na wasa ba ne: abin da ke dama shi ne a hagu, kowane layi an auna shi, kuma gaɓar da gashi ke komawa ganye sai hannun da ya shekara yana koyo.

Shi ya sa nake ƙin a kira kadan TikTok girotesk. Manne jikinsa aka yi kawai, babu gaɓa, ga kuma kalaman saɓo da ke cikin muryoyin wasu bidiyon, waɗanda yaranmu ke maimaitawa ba su san ma'anarsu ba.