Ba Kowane Sulen Rumawa Mai Ruwan Ɗorawa Ne Zinariya Ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk tsohon sulen Daular Rum mai launin ruwan ɗorawa zinariya ne. Ba abin mamaki ba ne, domin sestertius, babban sulen da Rumawa ke cefane da shi, da tagulla mai haɗe da tutiya aka buga shi, kuma idan aka goge shi yana ƙyalli sosai.

Na zinariya, aureus, ƙarami ne. A zamanin Sarkin Rum Augustus nauyinsa kusan giram 8, darajarsa kuwa daidai da sestertius 100. Albashin sojan ƙafa na shekara guda aureus 9 ne kacal, don haka ba kuɗin talaka ba ne a kasuwa. Daga baya Sarki Constantine ya kawo wani sulen zinariya, solidus, mai giram 4.5.

Gane su ba wuya. A ɗora a sikeli: sestertius kan haura giram 20. A duba bayansa, galibin na tagulla na ɗauke da haruffan SC. Tagulla tana yin kore ko ta dushe a cikin ƙasa, zinariya kuwa ba ta tsatsa. In shakka ta rage, maƙerin zinariya zai gwada.

A taimaka a tura wa masu sha'awar kayan tarihi wannan bayani.