Waiwaye: Da ilimi ake haihuwar mutum, ko a duniya yake tarar da shi?

A Maraɗi idan yaro ya iya sana'ar gidansu, maganar gajera ce: ɗan na-gada ya fi ɗan na-koya. Idan kuma wani ya shekara biyu a lakwal bai haɗa baƙi ba, sai a ce haka Allah ya yi kansa. Duka biyun zato ɗaya ne, wai sani abu ne da ake zuwa da shi duniya. Gardamar nan kuwa ta haura shekara 2,300 ana yin ta.

Aflatun na ƙasar Girka, kusan shekara 400 kafin Annabi Isa (AS), ya ce koyo tuni ne kawai, rai ya riga ya sani. Ya kafa hujja da wani yaro bawa da Sokrates, malamin shi Aflatun, ya zana wa murabba'i a ƙasa, kowane gefe ƙafa 2, filinsa 4, ya ce a ninka filin. Yaron ya ce a mai da gefen ƙafa 4, sai fili ya tashi 16 maimakon 8. Ya gwada 3, ya samu 9. Da tambaya bayan tambaya ya gane cewa layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen da ake nema. Hujjar dai tana da rami, domin yaron ya riga ya iya harshe da ƙirga, kuma tambayoyin ne suka ja shi har bakin amsa.

Ɗalibinsa Aristo ya saɓa masa, ya kwatanta hankali da allon da ba a rubuta komai a kansa ba. Malaman Musulunci sun riƙi nassi biyu tare. Aya ta 78 ta Suratun Nahli ta ce Allah ya fitar da mu daga cikkunan uwayenmu ba mu san komai ba, ya sanya mana ji da gani da zukata. Hadisi kuma ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya gwada lamarin da labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, ya kai ga sani ta lura da tunani. An mai da littafin Latin a 1671. A 1690 John Locke na Ingila ya ce hankalin jariri farar takarda ce, Leibniz na Jamus ya ƙi, a 1781 Kant ya ce sani daga gogayya yake farawa amma hankali ne ke tsara shi.

Inda maganar ta bar baki ta koma gwaji shi ne tambayar da William Molyneux ya aika wa Locke a 1688: wanda aka haifa makaho, ya san ƙwallo da ɗan akwati ta taɓawa, in idonsa ya buɗe zai bambance su da kallo kawai? Amsa ta zo a 2011 daga Indiya, inda aka gwada yara biyar masu shekara 8 zuwa 17 da aka haifa makafi aka yi musu aikin ido. Cikin kwana biyun farko sun kasa haɗa abin da suka taɓa da abin da suke gani. Da aka sake gwada wasunsu daga baya, sun iya.

Kunne ma haka. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna cewa jariri mai wata 6 zuwa 8 yana bambance sautukan harshen da bai taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 ko 12 kunnensa ya tsaya kan na gidansu. Shi ya sa ɗan goyon Bahaushiya ke raba "bata" da "ɓata" ba tare da malami ba, baƙon da ya zo da gemunsa kuwa ya shekara goma a gari yana cakuɗa su. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne ana haihuwar yaro da kayan aikin koyo, kuma wasu daga cikinsu suna da wa'adi.

To ina batun gado? A leƙa maƙera. Ɗan gidan tun bai kai shiga lakwal ba yake zaune bakin wuta yana zuga-zugi. Idonsa na kan ƙarfe yana tashi daga baƙi zuwa ja zuwa ruwan ɗorawa, yana ganin lokacin da uban ke cafko shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, kunnensa ya saba da ƙarar masaba a kan ƙarfen da ya nuna da wanda ya huce. Ba wanda ya kira wannan karatu, amma kafin ɗan koyo ya zo yana shekara 15, ɗan gida ya ba shi ratar kusan shekara goma. Akwai bambancin halitta tsakanin yara, ba a musu; sai dai yawancin abin da ake kira gado a sana'a koyo ne da aka fara da wuri.

Wanda ake cewa daƙiƙi kuma, a bincika kafin a yanke hukunci. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce giram 400 ba ran haihuwa, tana ninkawa cikin shekarar farko, ta babba kuwa kusan giram 1,350 ce. Kwana 1,000 daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2 su ne lokacin ginin. Rashin sinadarin ayodin ga mai ciki, tamowa, da ƙarancin jini duk suna rage ginin, shi ya sa ake nacewa a kan gishiri mai ayodin da nono zalla har wata 6. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta, don haka duk wanda ya tashi daga cutar a auna jinsa. Jaririn da wata 6 bai waiwayi ƙara ba, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, likita ya kamata ya gan shi. Fari a ƙwayar idon sabon haihuwa kuwa ba ya jiran a yi arba'in a huta, aikin ya fi amfani cikin mako 6 zuwa 8 na farko, in aka makara ƙwaƙwalwa ta saba da rashin wannan idon.

Saura harshe. Yaron da ya iya lissafin canji a kasuwa da Hausa yakan yi tsit a aji don da Faransanci mushe, wato malamin lakwal, ya tambaye shi. Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973 saboda wannan matsala. Kafin a ce yaro bai gane ba, a sake masa tambayar da Hausa.