Tayar Keken Tsere Marar Tif

Tayar keken tsere marar tif, wadda masu faci da masu sayar da kayan keke suka fi kira tubles, taya ce da ke riƙe iska tsakaninta da rim ba tare da an saka tif a cikinta ba. Leɓen tayar ne ke manne wa rim har iska ta rasa mafita, sannan ana zuba wani ruwa mai ɗan kauri a ciki wanda ke toshe ƙaramar huda da zarar ta auku. Zaɓenta ya fi na taya mai tif sarƙaƙiya, domin taya da rim da bawul da ruwan da ke ciki tare suke aiki, kuma idan ɗaya bai dace da sauran ba, tayar na iya ƙin riƙe iska, ko ma ta kuɓuce daga rim ana tsakiyar gudu.

Asali

Mota ta riga keke da nisa a wannan fanni, domin tun a 1947 kamfanin BFGoodrich na Amurka ya sanar da tayar mota marar tif. Keke bai samu tsayayyen tsari ba sai a 1999, lokacin da kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya fito da tsarin taya marar tif mai suna UST domin keken hawan duwatsu. Ba da jimawa ba wani Ba'amurke mai suna Stan Koziatek ya fara sayar da ruwan toshe huda, wanda ya sa ana iya amfani da taya marar nauyi maimakon mai kaurin roba a ciki. Keken tsere na kwalta ya biyo baya a 2006, sa'ad da Shimano na Japan da Hutchinson suka haɗa kai suka fitar da rim da tayar da suka dace da juna.

An ɗauki fiye da shekara goma kafin ta karɓu, kuma babban dalili shi ne ƙarfin iska. A ma'aunin ƙarfin iska da ake kira ba (bar a Turanci), iskar tayar keken duwatsu ba ta wuce wajen ba 2, alhali siririyar tayar tsere mai faɗin milimita 23 ana hura ta ne har ba 7 ko 8. A irin wannan matsi dole leɓen taya ya kasance wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, abin da ya sa tayoyin farko suka yi nauyi kuma suka yi wuyar sakawa, sannan iskar kan feso ruwan waje kafin ya samu damar daskarewa a cikin hudar. Ƙwararrun 'yan tsere suka ci gaba da amfani da tayar da ake ɗinke tif a cikinta a manna ta a rim da gam. Al'amarin ya sauya ne da aka koma ga tayoyi masu faɗi, waɗanda ba sa buƙatar iska mai ƙarfi haka, da birkin faifai, wanda ke ba su wurin shiga. A 2019 Alexander Kristoff ya lashe tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam da taya marar tif, kuma a watan Oktoban 2021 Lizzie Deignan da Sonny Colbrelli suka lashe Paris-Roubaix na mata da na maza da ita, tseren da ake yi a kan tsofaffin hanyoyin duwatsu na arewacin Faransa, inda taya ke shan wahalar da ba ta sha a ko'ina.

Rim kafin taya

Mai neman wannan taya zai fara ne da duba rim ɗinsa. Rim ɗin da aka ƙera domin tafiya ba tif yana da kwari a tsakiya, inda leɓen taya ke faɗawa lokacin sakawa, da kuma 'yar kafaɗa a kowane gefe, inda leɓen ke hawa ya zauna daram idan an hura iska. Ramukan sifok kuwa ana rufe su da tef na musamman wanda iska ba ta ratsa shi, sai dai in rim ɗin irin wanda ba shi da ramuka ne a ciki. Masu keken duwatsu sun daɗe suna mai da rim na yau da kullum ya zama marar tif ta hanyar naɗa masa tef, amma yin haka a keken tsere ganganci ne saboda yawan iskar. Haka nan taya ta yau da kullum ba ta dace ba ko da rim ɗin ya dace. Kamfanoni na rubuta alama a gefen taya, kamar TLR ko TR ko TLE ko TL, kuma tayar da ba ta ɗauke da irin wannan alama ba a hawa ta ba tif.

Girman rim na keken tsere shi ne wanda ake kira 700C, kuma ainihin ma'auninsa milimita 622 ne a wurin da leɓen taya ke zama. Ƙungiyar ETRTO da ke birnin Brussels ce ke tsara waɗannan ma'aunai, kuma suna cikin ƙa'idar ISO 5775. Rubutun 28-622 a gefen taya yana nufin faɗin milimita 28 a kan rim mai 622. Tsohon keken kaya mai inci 28 da aka saba da shi a ƙasar Hausa rim ɗinsa 635 ne, saboda haka babu tayar tsere da za ta hau kansa, duk da cewa wasu kamfanonin Turai na rubuta inci 28 a kan tayar 622.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne bambanci tsakanin rim mai ƙugiya da marar ƙugiya. Tsohon tsari yana da 'yar ƙugiya a saman kowane gefe, wadda ke kama leɓen taya ta hana shi fita. Wasu kamfanonin da ke yin rim da zaren kabon sun cire wannan ƙugiya, sun bar gefen a miƙe, domin ya fi sauƙin ƙerawa, ya fi araha, kuma ba shi da nauyi. A irin wannan rim babu abin da ke riƙe taya sai dacewar ma'auni da ƙarfin leɓenta, shi ya sa ETRTO ta ƙayyade cewa iska kada ta wuce ba 5, wato 72.5 a ma'aunin psi, komai abin da aka rubuta a gefen tayar. Ba kowace taya marar tif ce aka amince a saka a kansa ba. Misali, tayar Continental GP5000 TL da ta fito a 2018 kamfanin bai yarda a saka ta a rim marar ƙugiya ba, sai da magajiyarta GP5000 S TR ta fito a 2021. Akwai kuma ƙa'idar faɗi: rim marar ƙugiya mai faɗin ciki milimita 25 yana buƙatar tayar da ba ta gaza milimita 29 ba. Wannan batu ya fito fili a watan Fabrairun 2024, lokacin da Thomas De Gendt na Beljiyam ya faɗi a tseren Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aka ga tayarsa mai milimita 28 ta fice daga irin wannan rim. An yi ta taƙaddama kan musabbabin faɗuwar, masu rim ɗin suka ce karo ya yi da wani abu a hanya, amma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tunatar da ƙungiyoyi wajibcin bin ma'aunin ISO. Mahayi mai nauyin jiki wanda ke buƙatar iska fiye da ba 5 a siririyar taya, gara ya nemi rim mai ƙugiya ko ya ƙara faɗin taya.

Faɗi da ƙarfin iska

Babbar fa'idar cire tif ita ce damar rage iska. A taya mai tif, idan iska ta yi kaɗan aka faɗa rami, rim kan matse tif ya yi masa huda biyu kusa da juna. Idan babu tif, wannan matsala ta ragu ƙwarai, don haka ana iya tafiya da iska mai sauƙi, taya ta riƙa lanƙwasawa a kan tsakuwa maimakon ta riƙa tsalle, ta ƙara kama ƙasa a kwana, jikin mahayi kuma ya huta da jijjiga. Wannan fa'ida tana ƙaruwa ne da faɗin taya. A milimita 25 ba ta taka kara ta karya ba, a 28 tana bayyana, a 30 zuwa 32 kuwa ba ta da abokin gardama a hanyar da kwaltarta ta farfashe. Mahayi mai nauyin kilo 70 a kan taya mai milimita 28 yakan tafi da iska tsakanin ba 4 da 4.5, ta gaba ta ɗan gaza ta baya.

Firam ne ke yanke iyakar faɗin. Yawancin kekuna masu birkin da ke kama rim ba sa ɗaukar fiye da milimita 28, wasu tsofaffi ma 25, alhali masu birkin faifai sukan ɗauki 32 ko fiye. Ya kamata a lura cewa taya kan fi abin da aka rubuta mata faɗi idan ta hau rim mai faɗin ciki, saboda haka ana barin 'yar tazara tsakaninta da firam domin laka da tsakuwa.

Jikin taya

A ƙarƙashin roba akwai saƙar zare, kuma ana rubuta yawan zaren da ke cikin kowane inci. Saƙa mai zare 60 tana da kauri da juriya, mai 120 ta fi laushi, ta auduga mai 320 kamar ta Vittoria Corsa ta fi duka laushi da sauri, amma ta fi saurin yagewa da zubar da iska. Ba a cika dogara da wannan lamba ita kaɗai ba, domin wasu kamfanoni na haɗa jimillar zaren shimfiɗa biyu ko uku su rubuta. Tayar tsere zalla siririyar roba gare ta kuma ba ta daɗewa, ta tafiyar yau da kullum kuwa tana da ƙarin shimfiɗar kariya ƙarƙashin roba, tana da ɗan nauyi.

Ruwan faci

Yawancin ruwan da ake zubawa an yi shi ne da ɗanyen ruwan roba haɗe da ƙananan ɓarɓashi. Idan ƙaya ko ƙusa ta huda taya, iska ce ke tura ruwan cikin hudar, ɓarɓashin ya cunkushe, robar ta daskare. Tayar keken tsere na ɗaukar mililita 30 zuwa 60 gwargwadon faɗinta. Yana maganin ƙaramar huda irin ta ƙaya ko guntun waya, sau da yawa ba tare da mahayi ya sani ba, kuma a yankin da tsidau da ƙayar bagaruwa suka yi yawa a gefen hanya wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da shi. Yankan kwalba mai faɗi ko yagewar gefen taya kuwa sun fi ƙarfinsa.

Aibinsa shi ne bushewa. Yakan ɗauki wata biyu zuwa shida, kuma zafi da bushewar iska na gaggauta hakan, don haka mai keke a Kano ko Damagaram zai riƙa duba shi fiye da yadda takardar kamfanin Turai ta nuna, musamman a lokacin hunturu da bazara. Ruwan da ya bushe ba shi da wani amfani, kuma babu alamar da ke nuna hakan daga waje sai an cire zuciyar bawul an zura siririn tsinke, ko an girgiza taya an saurara. Ba a gauraya ruwan kamfanoni biyu, kuma iskar gas ta ƙaramin gwangwani da wasu ke hura taya da ita a hanya kan sa wasu nau'o'in ruwan su dunƙule saboda sanyinta. Kafin a sayi tayar ya kamata a tabbatar akwai inda za a riƙa samun ruwan, domin ba kowane shagon keke ne ke ajiye shi ba.

Sakawa da gyara a hanya

Ana buƙatar bawul na musamman irin na Presta, wato siririn bawul na keken tsere, mai roba a gindi da zuciyar da ake iya warwarewa, kuma tsawonsa ya dace da zurfin rim. Ana tura leɓen taya duka cikin kwarin tsakiya, a fara daga gefen da ke nesa da bawul a ƙare a wurinsa, kuma ruwan sabulu na taimakawa. Domin leɓen ya hau kafaɗar rim ana buƙatar iska mai yawa a lokaci guda. Wani lokaci famfon ƙasa ya isa, wani lokaci sai an je wurin injin iska na mai faci, inda dole a sa ido a kan ma'auni, domin injin da aka saita don tayar mota ko ta babur na iya zarce iyakar rim cikin daƙiƙa kaɗan.

Idan ruwa ya kasa toshe huda a hanya, ana cusa guntun igiya mai danƙo a cikinta da wata 'yar allura ba tare da an cire taya ba, kamar yadda ake yi wa tayar mota. Idan wannan ma bai yi ba, sai a kwance bawul, a zubar da ruwan, a shafa cikin taya a cire duk ƙayoyin da suka daɗe a maƙale ruwan ya rufe su, sannan a saka tif na yau da kullum. Saboda haka mahayin taya marar tif ba ya rabuwa da tif a aljihu. Tayar kuma tana rage iska fiye da mai tif ɗin baƙar roba, don haka ana auna ta kafin kowace fita. Wanda ba ya hawan kekensa sai jefi-jefi, ko wanda firam ɗinsa ba ya wuce milimita 25, yakan samu kusan irin wannan saurin da taya ta yau da kullum idan ya saka mata tif na ɗanyar roba ko siririn tif na TPU, wata roba mai kama da leda, waɗanda ba su da nauyi kuma ba sa buƙatar ruwa, sai dai ba sa toshe huda da kansu.