Me ake nufi da haruffan Didone?

Shekaranjiya a wani shagon buga takardu kusa da kasuwar Dole wata mata ta nuna hoton katin biki a wayarta ta ce ita irin wannan rubutun take so, yaron shagon ya leƙa ya ce "Hajiya ai Didone ne wannan", ta tsaya tana kallon shi. Ni ma kafin in shiga aikin zanen kati ban san sunan ba.

Ku dubi babban harafin H. A rubutun saƙon waya sandunan nan biyu na tsaye da wanda ya gitta duk kusan kaurinsu ɗaya ne. A Didone kuwa na tsaye kamar taɓarya suke, na gicciye kamar zaren ɗinki, sannan a ƙarshen kowace sanda akwai ƴar ƙafa siririya a kwance, ita ce ake kira serif. Wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya yi rubutu a allo ya san abin, kana juya bakin alƙalami layi na yin kauri yana sirancewa, sai dai haruffan Didone sun kai bambancin ƙarshe.

Sunan daga mutum biyu aka haɗa shi, Firmin Didot na birnin Paris da Giambattista Bodoni mai ɗab'i a Parma ta Italiya wanda ya rasu a 1813. Su suka sassaƙa irin haruffan nan tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da takarda ta ƙara santsi har siririn layi ke fita tsaf, amma kalmar kanta sai 1954 ta bayyana cikin rabe-raben haruffa na wani Bafaranshe masanin ɗab'i, Maximilien Vox. Sunan Vogue, mujallar ado da sutura, da irinsu aka rubuta shi, shi ya sa ido na gani sai ya tuna kayan tsada.

Wallahi ina son su, sunan amarya da ango da manyan baƙi a kan kati mai kauri ba abin da ya kai su kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba su har a ƙananan layuka, ranar ɗaurin aure da unguwa da lambar waya, to da an yi fotokofi ko hoton ya zaga WhatsApp sau uku siraran layukan nan sun ɓace, tsoho a Birni ya riƙe kati yana juyawa bai gane 3 ba ne ko 8. A sa su a kanu, bayanin ƙasa a nemo masa rubutu mai kauri ɗaya.

Sannan kafin ku zaɓi kowane, ku fara buga ɓ ɗ ƙ ƴ ku gani, da yawa ba su da namu masu ƙugiya, sai kwamfuta ta aro daga wani rubutun daban ka ga ƙ ɗin Ƙasimu ya fita kamar baƙo a cikin sunan.