Me injiniya yake nema a ɗakin gashin ƙashi?

Tambayoyin nan ɗalibai da 'yan'uwan majinyata sun maimaita mini su har na gaji, saboda haka ga amsa a rubuce.

Injiniyan motsin jiki likita ne?

A'a. Ba ya rubuta magani, ba ya yin tiyata. Aunawa yake yi, ya ƙera na'ura.

To me yake aunawa?

Yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa tsokoki fiye da 600. Ka ɗauki kofin shayi ka kai bakinka: kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suna da hanyoyi barkatai na yin hakan, amma ƙwaƙwalwa takan zaɓi guda ba tare da shayin ya zube ba. Masanin Rasha Nikolai Bernstein, wanda ya rasu a 1966, shi ya fito da wannan matsala fili.

Akwai wanda ya yi rayuwarsa a wannan fanni?

Akwai Farfesa Neville Hogan, ɗan ƙasar Ayilan da ke koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka. A 1985 ya bayyana yadda za a sa na'ura ta riƙa sassautawa idan ta taɓa mutum, maimakon ta yi masa ƙarfa-ƙarfa, kuma daga wannan tunani aka ƙera na'urar MIT-Manus, wadda ke riƙe hannun mai shanyewar ɓarin jiki tana taya shi motsawa.

Malam, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mu sayar da fili mu kai shi waje inda ake da na'urar?

Allah Ya ba shi lafiya. Ni ban ga Baba ba, don haka ba zan yanke muku hukunci ba, amma ku saurara. A 2010 an gwada irin wannan na'ura a kan tsofaffin sojojin Amurka 127, ba ta fi gashi mai tsanani da mutum ke yi da hannunsa ba. A 2019 wani gwaji a Birtaniya mai mutum 770 ya nuna ba ta ƙara wa hannu aiki fiye da kulawar da aka saba ba. Ba wai ba ta da amfani ba ne, domin ba ta gajiya, tana kuma auna ci gaban da ido ba ya gani. Sai dai abin da ke farfaɗo da hannu shi ne maimaita motsi sau ɗaruruwa, musamman a watannin farko, kuma wannan ana fara shi a sashen gashi na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dala, a ci gaba a tsakar gida. Idan likitansa ya ga dalilin fita, wannan magana ce dabam. Abin da ke ba ni haushi shi ne a kwantar da dattijo wata shida ana ba shi kunu a baki, ana jiran biza.

Ba na son lissafi, zan iya?

Ba za ka iya ba. Koma ka koya.

Daga ina ɗalibin Jami'ar Bayero zai fara?

Daga injiniyancin lantarki ko na injuna, sannan ya ƙulla zumunci da ɗaliban gashin ƙashi. Ya kuma je wurin waɗanda shan-inna ta nakasa, masu walda kekunan hannu a cikin gari, ya auna tsawon mariƙin keken, ya tambaye su inda kafaɗa ke yi musu ciwo da yamma.