Waiwaye: Yadda Aka Kai Ga Yarjejeniyar Dukiya Kafin Aure

Duk lokacin da auren wani attajiri ko fitaccen ɗan wasa ya mutu, aka fara yaɗa adadin dukiyar da matarsa za ta fita da ita, sai muhawara ta sake tashi a kafafen sada zumunta a kan yarjejeniyar da ake sa wa hannu kafin a ɗaura aure. Wasu suna ganin rashin amana ne mutum ya shiga aure yana tanadin ranar rabuwa, wasu kuma suna ganin garkuwa ce daga wanda kwaɗayi ya kawo shi. Ɓangarorin biyu sukan ɗauki lamarin a matsayin sabon yayi, alhali ya daɗe yana tafe.

Rubuta sharuɗɗan aure tsohon abu ne. Dokokin Hammurabi na ƙasar Babila, waɗanda suka kusa shekara dubu huɗu, ba su ɗauki mace a matsayin matar aure ba sai an ƙulla yarjejeniya. Yahudawa suna da takardar da ke fayyace abin da miji zai biya idan ya saki matarsa ko ya rasu. Musulunci ya mallaka wa mace sadakinta, ya bar mata dukiyarta daban da ta mijinta, ya kuma yi umarni da cika sharuɗɗan da aka ƙulla aure a kansu. A Ingila kuwa, abin da mace ta mallaka yakan koma hannun miji da zarar an yi aure, har sai da dokokin 1870 da 1882 suka ba ta ikon riƙe nata. Duk da haka kotunan Ingila da na Amurka sun daɗe suna ƙin amincewa da duk takardar da ta yi tanadin saki, bisa hujjar cewa tana ƙarfafa rushewar aure.

Masu ba da tarihin sukan tsallaka daga nan zuwa 1970, shekarar da jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokar saki ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, kuma kotun ƙolin jihar Fulorida ta amince cewa irin wannan yarjejeniya tana iya aiki. A ganina, abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne wani canji da ya faru a lokaci guda wanda ba a cika ambatonsa ba, wato ranar da doka ta fara lissafa aikin gida a matsayin gudummawa ga dukiya.

Tsarin kowa ya riƙe nasa adalci ne a takarda, amma ya bar wani giɓi babba. Matar da ta shafe shekara talatin tana raino da girki da jinyar surukai ba ta da albashi, ba ta da rasit, kuma sunanta ba ya kan takardar gida, don haka idan aure ya mutu sai ta fita da abin da ta shigo da shi, ko ma ƙasa da haka. A 1970 majalisar dokokin Birtaniya ta umarci alƙalan Ingila da su riƙa duba gudummawar da kowane ɓangare ya bayar ta hanyar kula da gida da iyali, aka kuma maimaita wannan a dokar 1973. Tanzaniya ta yi dokar aure a 1971 wadda ta ba kotu ikon raba abin da ma'aurata suka samu da haɗin gwiwa, amma alƙalai suka rabu a kan ko shara da wanki da raino suna cikin wannan haɗin gwiwa. Sai a 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasar ta raba gardama, a shari'ar wata mata da mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, wanda yakan yi watanni a teku ita kuwa tana riƙe da gida a Mombasa ta ƙasar Kenya. Kotun ta ce hidimar da ta yi ita ce ta ba shi sararin fita nema, saboda haka gudummawa ce. Abin tausayi shi ne ita kanta matar ba ta sami kaso a gidan da ya saya a Dar es Salaam ba, domin kotun ta ga ta salwantar da kuɗin da ya ba ta na jari, amma hukuncin ya buɗe ƙofa ga matan da suka biyo bayanta.

A Ingila sai da aka kai shekara ta 2000 kafin kotu mafi girma ta ce, a shari'ar wasu manoma da suka yi sama da shekara talatin tare, bai halatta a fifita mai kawo kuɗi a kan mai kula da gida ba, kuma ya kamata alƙali ya auna hukuncinsa da ma'aunin rabin-da-rabi. Daga wannan lokaci masu dukiya suka gane cewa sa sunansu a kan kadara ba ya hana a raba ta, kuma babu wanda zai iya faɗa musu tun da wuri abin da alƙali zai yanke. Wannan rashin tabbas ne ya kai su ofisoshin lauyoyi kafin ranar biki. Shekara goma kacal bayan haka, a 2010, kotun ƙolin Birtaniya ta ce a riƙa aiki da yarjejeniyar da aka shiga da yardar juna da cikakkiyar fahimta, sai dai idan yin hakan zai zama zalunci. Alƙalai takwas ne suka amince, kuma wadda ta saɓa musu ita ce mace ɗaya tilo a cikinsu, wadda ta yi nuni da cewa mai raunin tattalin arziki ne yakan sarayar da haƙƙinsa a irin wannan takarda, kuma galibi mace ce.

Ƙasashe da dama har yanzu suna laluben tsakiya. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda Tarayyar Afirka ta ƙulla a kan haƙƙin mata, ta tanadi a raba dukiyar haɗin gwiwa bisa adalci. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta bar kowa da dukiyarsa, amma ta ba ma'aurata damar rubuta takarda ta daban a kan abin da za su tara a zaman aure. Kenya ta amince da yarjejeniyar kafin aure a dokarta ta 2013, ta kuma lissafa raino da aikin gida cikin gudummawa, sannan a 2023 kotun ƙolinta ta yanke cewa aure kaɗai ba ya ba mutum rabin dukiya, dole ne kowa ya kawo hujjar abin da ya bayar.