Mene ne dual boot, kuma daga ina matsalarsa take tasowa?

Dual boot shi ne a ɗora manyan manhajoji biyu a kan kwamfuta ɗaya, galibi Windows da Linux, ta yadda duk lokacin da aka kunna ta sai a zaɓi wadda za a shiga. Ba tare suke aiki ba. Idan Linux na gudana, Windows tana kwance a nata ɓangaren rumbun ajiya, ba ta cin ƙwaƙwalwa ko batir, kuma ba a komawa gare ta sai an kashe an sake kunnawa. Nan ya bambanta da irin aikin VirtualBox, inda ɗaya ke gudana a cikin ɗaya suna raba ƙarfin na'urar. Masu neman wannan tsari su ne waɗanda ke son wani nau'in Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, amma suna da wata manhajar aiki da ba ta tashi sai a Windows.

Laftof ɗin yanzu suna tashi ne da UEFI, wato manhajar da ke cikin na'urar kanta wadda ke fara aiki kafin Windows ko Linux, wanda ya gaji tsohon BIOS. A rumbun akwai wani ɗan ƙaramin kaso da ake kira EFI, tsarinsa FAT32, sau da yawa bai wuce megabayit 100 zuwa 260 ba. Shi ne zauren gidan: kowa da ɗakinsa a ciki, amma ta nan ake shiga. Windows na ajiye fayilolin tashinta a wurin, Linux ma ta ajiye nata a gefe, wato GRUB, wanda ke nuna jerin zaɓi idan an kunna. Kada a goge wannan kaso, kada a sake masa tsari.

Ɗora Linux ɗin kansa ba wuya. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne saboda an tsallake shirin da ya kamata a yi a ɓangaren Windows.

Bayan ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani rumbu na waje, duba ko BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan rumbu, na kunne, domin sababbin laftof da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. Yana da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi ake samu a asusunka na Microsoft. Rubuta shi a takarda. Da zarar an taɓa saitin tashi, Windows na iya tsayawa a shuɗin allo tana neman lambobin nan, kuma wanda ba shi da su na iya rabuwa da fayilolinsa. 

Sai Fast Startup. Idan yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya in ka kashe ta, barci take yi riƙe da rumbunta. Shi ya sa Linux ke buɗe kason Windows don karatu kawai, ko ta ƙi buɗewa. A Control Panel ake kashe shi, ƙarƙashin Power Options.

Wurin da Linux za ta zauna, daga cikin Windows ya fi dacewa a yanke shi. Buɗe Disk Management, danna kason C, inda Windows take, da maɓallin dama, zaɓi Shrink Volume. Ubuntu na neman aƙalla gigabayit 25, amma wannan na ɗanɗano ne. Mai niyyar aiki da gaske ya ware 60 ko fiye. Bar wurin fanko yadda yake.

Daga filashi ake ɗora Linux. Mai gigabayit 8 ya isa, a rubuta masa fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin Linux da aka sauke, da manhajar Rufus ko balenaEtcher, kuma duk abin da ke kansa zai goge. Wajen kunnawa ana danna F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, don jerin abubuwan da za a iya tashi daga gare su ya fito. A nan ake yin wani kuskure da ba ya bayyana sai daga baya: filashin na iya fitowa sau biyu a jerin, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Idan Windows a UEFI take, wanda msinfo32, shafin bayanan kwamfuta na Windows, zai nuna maka, to mai UEFI za ka zaɓa. In aka saɓa, Linux za ta hau lafiya amma GRUB ba zai iya tayar da Windows ba. Idan kuwa manhajar ɗorawa ta ce ba ta ga rumbu ba sam, yawanci Intel RST ne, wani saitin rumbu a cikin UEFI. Sai a mayar da saitin zuwa AHCI, amma a fara sa Windows ta tashi a Safe Mode, in ba haka ba ita ce za ta ƙi tashi.

A shafin zaɓin rumbu a natsu a karanta. Zaɓin da ke cewa a ɗora a gefen Windows shi ake so. Wanda ke cewa Erase disk yana share komai.

Ba dole ne a kashe Secure Boot ba, wato saitin tsaro na UEFI da ke hana manhajar da bai yarda da ita ba tashi; Ubuntu da Fedora suna tashi da shi. Sai dai mai katin hoto na Nvidia za a nemi ya ƙirƙiri kalmar sirri, kuma a tashi na gaba wani shuɗin allo zai fito da Enroll MOK. A shiga a rubuta kalmar. In aka wuce shi, direban katin ba zai yi aiki ba.

Bayan an gama, agogo kan rikice, saboda Linux na ɗaukar agogon na'ura a matsayin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin yankinka. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux yana daidaita su. Wani lokaci kuma bayan sabunta Windows sai jerin GRUB ya ɓace. Linux tana nan, jerin tashi ne ya sauya. Shiga saitin UEFI ka mayar da ita sama. Ranar da za ka cire Linux, fara ɗaga Windows Boot Manager zuwa saman jerin kafin ka goge kasonta, don kada kwamfutar ta tsaya a baƙin allon GRUB tana neman abin da babu shi.